WAYAR HANNU DA KANGARAR SAMARI

Darasi domin uwayen ƙasa da magatakardansu a ƙasashen Jega da Aliero da Maiyama

1. Dalilin wannan darasi

A zamanin da, in rigima ta tashi tsakanin samarin gari, ba ta cika wuce wurare uku ba: dandali, ko bakin kasuwa, ko filin kokawa. Dukan wuraren nan kuwa a idon manya suke. Kafin zagi ya zama dambe, wani dattijo ya tsawata, ko sarkin samari ya shiga tsakani. In abin ya faskara, kafin gari ya waye mai unguwa ya ji, ya kai wa mai gari, shi kuma ya kai gaban uban ƙasa, watau wanda mutanen Kano da Zazzau ke kira hakimi.

Yanzu an sami wuri na huɗu, wanda ba shi da ƙofa, balle mai unguwa ya tsaya a bakinta. Wurin nan yana cikin aljihun yaro, shi ne wayar hannu da kafofin sada zumunta da ke cikinta. Saurayin Dangamaji yana kwance a ɗakinsa sai ya zagi na Aliero, na Maiyama ya sa baki, mutum ɗari su ji, alhali uban yaron yana barci a ɗakin da ke kusa, bai san wainar da ake toyawa ba. Sai ran da aka haɗu a kasuwar Jega aka fasa wa wani kai, sa'an nan magana ta iso fada, a kuma ɗauka ran nan faɗan ya soma.

Abin da darasin nan yake nufin nunawa ɗaya ne. Rigimar da ke kai yaro gaban alƙali a yau, sau da yawa ta daɗe tana tafasa cikin waya kafin ta zubo ƙasa. Uban ƙasan da ya gane ta tun tana magana, zama ɗaya a zaure ya isa ya kashe ta. Wanda kuwa ya jira sai an zub da jini, ya yi hasarar yara biyu, wanda aka sara da wanda ya yi saran.

2. Yadda abin ya iso

Wayar salula ta soma aiki a Nijeriya cikin watan Agusta na 2001. Da fari sai attajirai da manyan ma'aikata ke riƙe ta, ba ta kuma da wani aiki sai kira da gajeren saƙo. Bayan haka aka kafa Facebook a Amurka a 2004, aka kafa YouTube a 2005, WhatsApp ya zo a 2009, TikTok kuma ya fito daga ƙasar Sin ya bazu cikin duniya tun daga 2017. Da wayoyi masu araha suka cika kasuwa, sai abin ya sauko daga birni zuwa ƙauye. Inda babu wutar lantarki, akwai mai shagon caji da janareta ko faifan hasken rana, kusa da shi kuma akwai mai tura wa mutane fina-finai da waƙoƙi.

Akwai wani abu da manya da yawa ba su lura da shi ba. Sun ɗauka sai wanda ya yi boko ke iya shiga waɗannan kafofi. Ba haka ba ne. Saƙon murya da hoto da bidiyo ba su bukatar karatu. Yaron da ya bar makaranta a aji uku, ko wanda bai taɓa shiga ba, yana danna waya ya yi magana, maganar ta isa Legas kafin ya rufe baki. Kamfanonin sun rubuta cewa sai mai shekara 13 zai buɗe shafi, amma ba mai tsayawa ya duba haƙoran yaro, shekarun da ya faɗa su ake karɓa.

Kada kuma a manta da amfanin wayar. Manomin albasa na Aliero yakan ji farashin kasuwannin Kudu kafin ya yi lodi. Ɗalibin jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 yana samun darasi ta cikinta. Ɗan ci-rani yana aiko wa uwarsa kuɗi ba tare da ya hau mota ba. Saboda haka maganar a hana waya ba ta taso ba, maganar ita ce a san inda take cizo.

3. Irin cin zarafin da ake yi ta waya

Ya kamata magatakarda ya iya rarrabe waɗannan, gama kowane da nauyinsa.

(a) Zagi da habaici da laƙabin banza. A sa hoton yaro a zauren WhatsApp, a yi ta yi masa dariya saboda tsumman jikinsa, ko sana'ar ubansa, ko wata nakasa.

(b) Ƙage. A ce wane ɓarawo ne, ko mai kai wa 'yan bindiga labari ne. A wannan zamani ƙage irin na biyu yana iya sa a kashe mutum kafin a bincika.

(c) Tonon asiri. Wannan ya fi faɗa wa 'yan mata. Saurayi ya karɓi hoton yarinya lokacin da suke shiri, in sun ɓata ya watsa shi, ko ya ce sai ta ba shi kuɗi. Akwai kuma na'urorin da ke haɗa fuskar mutum da jikin da ba nasa ba, har mai kallo ya rantse gaskiya ne. Ƙarshen abin a fasa aure, ko a cire yarinya daga makaranta, ita da aka zalunta ita ke ɗaukar horon.

(d) Barazana da kirari. Yaro ya ɗauki bidiyon kansa riƙe da wuƙa ko gora, yana kiran sunan wata unguwa, yana cewa in sun isa su fito.

(e) Ɗaukar faɗa a bidiyo. A tare yaro a doke shi, wani na tsaye yana ɗauka, domin a nuna wa duniya. Mai ɗaukar nan abokin laifi ne, ko da bai ɗaga hannu ba.

(f) Zuga jama'a a kan wata ƙabila, ko wani addini, ko wata ɗariƙa, da hotunan da ba a san asalinsu ba.

4. Abin da ya sa faɗan waya ya fi na dandali muni

Na farko, babu ido. Hausawa sun ce ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe; amma duk da raini, ido yana da kwarjini. Wanda zai zagi mutum a gabansa yana ganin fuskarsa ta canza, yana jin nauyin hakan. A waya ba ya ganin kome sai gilashi. Wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, John Suler, ya bayyana wannan a 2004, ya nuna cewa ɓoyon suna da rashin haɗa ido suna kwance wa mutum linzamin kunya, har ya faɗi abin da ba zai iya faɗa a fili ba.

Na biyu, yawan 'yan kallo. Zagin dandali mutum goma ke ji. Na waya ɗaruruwa ke ji, har da yarinyar da yaron ke nema. Wanda aka kunyata gaban mutum goma yana iya haɗiyewa, wanda aka kunyata gaban gari duka yakan ga ba shi da sauran mutunci sai ya rama.

Na uku, ba ya gogewa. Magana zarar bunu ce tun can, amma a da iska ke tafiya da ita. Yanzu tana nan ajiye, a sake fito da ita bayan wata shida, miki ya koma ɗanye.

Na huɗu, ba shi da lokacin tashi. Dandali yana watsewa in dare ya yi, yaro ya koma gida ya huce. Waya kuwa tana bin sa har kan tabarmarsa.

Na biyar, yadda aka gina kafofin kansu. Kamfanonin nan da talla suke cin abinci, ribarsu kuwa tana ƙaruwa gwargwadon daɗewar mutum yana kallo. Saboda haka na'urarsu takan tura wa mutane abin da aka fi tsayawa a kai, a yi ta sharhi. Faɗa da zagi sun fi wa'azi tara mutane, don haka su ke yin gaba. Yaro ya lura ran da ya yi ashar ya sami mabiya ɗari, ran da ya yi maganar hankali ya sami uku. Ba sai an koya masa wadda zai maimaita ba.

5. Hanyar da ta tashi daga waya ta kai ga laifi

A ɗauki misali, ba na wani gari takamaimai ba. Ƙungiyoyin ƙwallo na ƙauyuka biyu sun yi wasa ran Asabar, ɗaya ta ci. Da dare wani ya sa hoton mai tsaron gidan waɗanda aka ci, ya rubuta masa baƙar magana. Ran Lahadi aka mai da martani, aka taɓo uwa. Ran Litinin wani ya sa bidiyo da adda a hannu. Ran Talata aka buɗe sabon zaure na 'yan gari ɗaya kaɗai, aka shirya inda za a tare hanya. Ran kasuwa aka yi sara. Kwana huɗu cur maganar tana hannun yara hamsin ko fiye, ba babba ɗaya da ya ji. Ko a wace rana cikin huɗun nan da an kira shugabannin ƙungiyoyin biyu, da abin ya mutu.

Ban da ramuwa irin wannan, akwai wasu hanyoyi uku. Akwai neman suna, inda yaro ke aikata abin assha domin kawai a ɗauka a yaba masa. Akwai neman kuɗin waya da na data, wanda ke sa yaro ya ɗebi hatsin gida ya sayar, daga nan ya wuce ga na maƙwabta. A birnin Kano ƙwacen waya da makami ya zama babban abin kuka, an kuma rasa rayuka ta dalilinsa. Akwai kuma jan yara da manyan 'yan daba, da dillalan ƙwaya, da wasu 'yan siyasa ke yi, gama waya ta sauƙaƙa musu tara yara ba tare da an ga taro ba.

Masu bincike sun auna yawan abin. A watan Satumba na 2019 hukumar UNICEF ta ba da sakamakon tambayar da ta yi wa matasa fiye da 170,000 a ƙasashe 30, har da Nijeriya. Ɗaya cikin uku ya ce an taɓa cin zarafinsa ta intanet, ɗaya cikin biyar kuma ya ce ya taɓa ƙin zuwa makaranta saboda irin wannan. A watan Maris na 2024 ofishin Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da rahoton yara 'yan makaranta a ƙasashe da yankuna 44: kusan ɗaya cikin shida an ci zarafinsa, kusan ɗaya cikin takwas kuma ya amsa da bakinsa cewa ya ci zarafin wani. Tun a 1992 wani masanin laifuffuka, Robert Agnew, ya bayyana cewa wulaƙanci da ƙuntatawa suna haifar da fushi, fushin da bai sami mafita ba kuwa yakan fita ta hanyar laifi. Wannan ya sa wanda aka zalunta jiya yakan zama mai zalunci gobe.

Amma a yi hattara da ɗora wa waya dukan laifi. Yara dubbai suna riƙe da ita ba su taɓa cutar kowa ba. Wanda ta fi kamawa shi ne wanda dama ƙafarsa ke rawa: ba makaranta, ba sana'a, ba mai tambayar inda ya kwana, ga kuma watannin rani da ba aikin gona. 'Yan daba sun riga salula zuwa Kano da shekaru masu yawa. Waya iska ce, tana hura wutar da ta tarar.

6. Abubuwa uku da suka faru

A ranar 23 ga Yuni 2018 aka kai hari a gundumar Gashish ta ƙasar Barikin Ladi a jihar Filato, aka kashe mutane da yawa. Nan da nan hotuna masu tayar da hankali suka cika Facebook. Kashegari matasa suka tare hanya a wajen Jos, suka fitar da matafiya daga motoci suka kashe. Da BBC ta bi diddigi, a rahotonta na watan Nuwamba na shekarar, sai ta gano hoton jaririn da ya harzuƙa mutane ba na wannan harin ba ne, wani bidiyon da aka watsa kuma daga Kwango Barazabil ya fito, tun 2012. Harin gaskiya ne, amma hoton ƙarya ne, waɗanda aka kashe a hanya kuwa ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

A ranar 12 ga Mayu 2022, a Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, taron matasa ya kashe wata ɗaliba bayan wani saƙon murya da ta aika a zauren WhatsApp na ajinsu, wanda aka zarge ta da yin ɓatanci a ciki. Majalisar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan. Aka rufe makarantar, ran 14 ga wata kuma Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa dokar hana fita a birnin saboda tarzoma. Abin lura ga uban ƙasa shi ne ƙanƙancin lokacin da ke tsakanin saƙo da jini. Kowace irin tuhuma ce, komai girmanta, hukunci na kotu ne, taron jama'a ba alƙali ba ne.

A ranar 1 ga Agusta 2024 aka soma zanga-zangar tsadar rayuwa, wadda aka yi kiranta ta kafofin sada zumunta. Kukan yunwa gaskiya ne, fita cikin lumana kuma ba laifi ba ne. Amma a Kano abin ya juye, aka fasa wurare aka kwashi kaya, har da wata cibiya ta hukumar sadarwa ta ƙasa. Waɗanda suka faɗa hannu da yawansu yara ne. A ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da su a babbar kotun tarayya a Abuja bayan kusan wata uku a tsare, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Ran 4 ga wata Shugaba Bola Tinubu ya ba da umurni a saki yaran. Manyan da suka yi ta zuga daga nesa suna gidajensu, yaran talakawa su suka kwana a ɗaure.

7. Abin da doka ta tanada

Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta shafi ƙasa duka. Sashe na 23 ya haramta ɗauka, ko ajiyewa, ko watsa hoton batsa na yaro. Sashe na 24 ya yi magana a kan barazana da cin zarafi ta waya. An yi ta kukan cewa ana amfani da sashen nan a kama 'yan jarida da masu sukar hukuma, saboda haka aka gyara shi a 2024, aka taƙaita shi. Ɓata suna da tayar da hankalin jama'a kuma laifuffuka ne tun a kundin Final Kod na Jihar Arewa, wanda ya soma aiki a 1960. A watan Nuwamba na 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu samari biyu bulala ashirin-ashirin da sharar harabar kotu ta kwana talatin, saboda wani bidiyon TikTok da aka ce sun ɓata sunan gwamnan lokacin. Mutane da yawa sun ga hukuncin ya yi tsanani, amma ya nuna abin da aka yi da wasa yana iya kai mutum kotu.

Tun watan Disamba na 2020 aka wajabta haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa. Ya kamata iyaye su san cewa layin da suka yi wa rajista da sunansu suka ba yaro, in aka yi ɓarna da shi, ƙofarsu za a fara ƙwanƙwasawa.

Game da yaro mai laifi, kundin 1960 ya ce wanda bai kai shekara 7 ba ba a kama shi da laifi, wanda bai kai 12 ba kuwa sai an tabbata hankalinsa ya kai ya san abin da ya yi. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai cika 18 ba a matsayin yaro, ta ce tsare shi shi ne mataki na ƙarshe, kada kuma a haɗa shi da manyan fursunoni. Dalili a fili yake: yaron da ya shiga kurkuku da laifin zagi yakan fito ya iya fashi.

Wasu ƙasashe sun gwada hani. Ostareliya ta yi doka a watan Nuwamba na 2024 wadda ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 riƙe shafi a manyan kafofin. A Nijeriya an rufe Twitter daga watan Yuni na 2021 zuwa Janairu na 2022, amma da yawa suka riƙa shiga ta bayan gida. Uban ƙasa ba shi da ikon rufe kome, abin da ke hannunsa shi ne mutane.

8. Aikin uban ƙasa

Tun da aka karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, aka kuma yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, uban ƙasa ba ya shari'a, ba ya ɗauri. Abin da ya rage masa shi ne sulhu, da nasiha, da kai rahoto, da kwarjinin rawani. A wannan matsala kuwa su aka fi bukata.

(1) Ya san shugabannin sabon dandali. Kowane zauren WhatsApp yana da mai kula da shi, wanda ke da ikon shigar da mutum, da fitar da shi, da goge saƙo. Shi ne sarkin samarin wannan zamani. A kira su, tare da shugabannin ƙungiyoyin ƙwallo, da na 'yan acaɓa, da masu shagon caji, a zauna da su a kai a kai, a girmama su, a ɗora musu amana.

(2) Ya buɗe ƙofar da yaro zai kawo kuka ba tare da tsoro ba. Yara suna ɓoye abin da ake yi musu domin sun san in sun faɗa, wayarsu za a fara ƙwacewa. Yarinya kuwa ba za ta iya faɗa a zaure ba, saboda haka a sami wata dattijuwa mai riƙon asiri, ko malamar makaranta, wadda za a riƙa zuwa wurinta.

(3) In ya ji an yi barazana da makami, ko an ambaci addini ko ƙabila, kada maganar ta kwana. Ya aika wa takwaransa na ƙasar da ɗaya yaron yake, gama rigimar waya ba ta san iyakar Jega da Maiyama ba. Ya sanar da baturen 'yan sanda da majalisar Mai Martaba Sarkin Gwandu.

(4) In an yi sulhu, a yi shi inda aka yi ɓarnar. Wanda ya yi ƙage a zaure mai mutum ɗari biyu, ba ya isa ya ba da haƙuri a soro gaban mutum biyar. Ya goge abin da ya sa, ya kuma janye maganarsa a wannan zauren.

(5) Ya hana 'yan banga da 'yan sa-kai dukan yaro, ya kuma hana ɗaukar hotonsa a watsa. Wanda aka tozarta gaban duniya an rufe masa hanyar komowa, hukuma kuma ta aikata abin da take hani a kai.

(6) Ya roƙi limamai da malaman Islamiyya su riƙa tunatarwa. Suratul Hujurati ta yi umurni da bincika labari kafin a yi aiki da shi, ta hana izgili da jifa da miyagun laƙabi da giba. Hukuncin bai canza ba don an koma yi da yatsa.

(7) Ya nema wa yara abin yi da rani: noman fadama, da koyon sana'a wurin masu gyaran waya da teloli da makanikai, da komawa makaranta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

9. Aikin magatakarda

Ya buɗe littafi dabam domin irin waɗannan ƙararraki. A kowace ya rubuta rana da sa'a, da kafar da aka yi abin, da lambar da ta aiko, da irin laifin bisa jerin da ke sashe na 3, da matakin da aka ɗauka. Ya rarrabe abin da ya gani da idonsa da abin da aka gaya masa. Littafin nan asiri ne, sunan yaro ba ya fita daga cikinsa sai ga hukumar da ta dace.

Ya sa mai ƙara ya ɗauki hoton fuskar wayarsa kafin a goge saƙon. In hoton tsiraicin yaro ne, kada magatakarda ya karɓa cikin tasa wayar, kada ya tura wa kowa, ko da uban ƙasa ne, gama ajiye shi kansa laifi ne. A kai wayar ga 'yan sanda yadda take.

Kafin ya kai wa uban ƙasa wani hoto ko labari, ya tambayi abu uku: wa ya fara aikowa, a ina aka ɗauka, yaushe. Bayan kashe-kashen da jita-jitar satar yara ta jawo a Indiya a 2018, WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci ɗaya, ya kuma sa alamar kibiya biyu a kan saƙon da ya bi hannuwa da yawa. Saƙo mai wannan alama, a ɗauke shi kamar labarin kasuwa har sai an tabbatar.

A ƙarshen wata ya ƙidaya ƙararrakin, ya nuna garuruwan da suka fi yawa da lokacin da suka fi tashi, ko bayan wasan ƙwallo ne, ko lokacin siyasa, ko hutun makaranta. Da wannan lissafi uban ƙasa zai san inda zai sa ido kafin baɗi.

10. Tambayoyi domin nazari

(1) Zaurukan WhatsApp nawa samarin ƙasarsa ke da su, su wa ke kula da su? Uban ƙasa ya taɓa zama da su?

(2) A misalin da ke sashe na 5, a wace rana ya fi sauƙi a kashe rigimar, wa kuma ya kamata ya fara ji?

(3) In yarinya ce aka watsa hotonta a Dangamaji, wanda ya watsa kuma yana Aliero, waɗanne matakai magatakarda zai bi, bi da bi?

(4) Wace ƙara ce ake gamawa a zauren uban ƙasa, wace ce kuma lalle sai an miƙa ta ga 'yan sanda a ranar?